Zuwa Maska Ranar Fitar Takabar Inna

Mai zuwa Maska daga Kaduna a wannan zamani da agogo yake fara shawara kafin ya yi da aljihunsa. A yi sammako, a wuce Zariya da hantsi, a tabbata an shiga gari kafin la'asar. Babu wanda ya rubuta wannan doka, amma duk mai dangi a kudancin Katsina ya haddace ta. Da ita muka fita cikin Disamba, hunturu ya fara busawa, ni da 'yata da ƙaramin ɗana wanda ya ci sunan mahaifina, shi ya sa muke kiransa Abba. Baba ya rasu cikin Agusta, masara na goyo. Lokacin ba a yarda a kawo yara gaisuwa ba, shuka ta yi tsawo, hanya ba ta da daɗi. Yanzu Inna ta cika wata huɗu da kwana goma, za ta fita takaba, aka kuma tsayar da shawara cewa tunda kowa zai hallara, a zauna a kan gado a wuce wurin.

Tsakanin Kaduna da Zariya babu abin faɗi sai manyan motoci. A wurina tafiyar daga Kwangila take farawa, inda ake karya kan mota a nufi Samaru. Nan cibiyar binciken aikin gona take, wadda Turawa suka fara a 1922, daga baya ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Baba bai taɓa taka ƙofarta ba, amma ya yi rabin rayuwarsa yana gardama da ita. Daga nan iri ke fitowa, daga nan umarni ke fitowa, malaman gona su hau babur su kai ƙauye. Umarnin da ya fi yawo a zamanin auduga shi ne a shuka ta da wuri, cikin Yuni, ta sha ruwa ta ƙoshi. Gaskiya suke faɗa, kuma Baba ya san gaskiya ce. Sai dai Yuni lokacin noman firin dawa da gero ne, hannun da zai shuka audugar shi ne zai riƙe fartanya. Ba ya waiwayar auduga sai ya ga abincin gida ya miƙe. Ina yaro na ji ya ce wa wani malamin gona a zaurenmu, "Malam, kai ƙarshen wata za a ba ka naka, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ni iyalina ba sa tuƙa tuwo da auduga." Malamin ya yi dariya, ya shanye furarsa, ya hau babur. A shekarun 1970 masu binciken tattalin arzikin karkara na Samarun da kansu suka bi manoma gona gona, suka gano ba taurin kai ba ne, ƙarancin hannu ne a watan da aiki ya fi yawa. Baba bai karanta abin da suka rubuta ba. Da ya ji, ina jin cewa zai yi sun sha wahalar banza, da sun tambaye shi.

Daga Shika zuwa Giwa kaka ce ta cika hanya. Masara a shanye a kan leda bakin kwalta, injin casa na ta ƙara, ƙura na tashi, samari sun rufe hanci da ƙyalle suna ɗinke buhuna. A-kori-kura na lodi, babura na ratsowa daga gonaki da buhu biyu biyu a baya. Yaran suka lafe a jikin gilashi. Bayan mun shiga ƙasar Katsina muka iso Mararrabar Maska, ban karya ba, Abba ya ce, "Baba, ka wuce hanyar gidan Alhaji!" Haka jikokin ke kiran mahaifina. Na ce masa sai mun ɗauko gwaggonsa a Funtua, mun kuma saya wa Inna atamfa da turare da goro, don ba a shiga wa mai fitar takaba hannu rabbana.

Funtua gari ne da jirgin ƙasa da auduga suka raina. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ta nan ya ratsa, ya bi Gusau, ya tiƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a 1902 don su rage dogaro da audugar Amurka, ya dasa injin gurza a garin, har yau akwai unguwar da ake kira da sunansa, Bisije. Mazaunin hakimi ya baro Maska ya komo bakin dogo, sarautar ta taho da sunanta, shi ya sa har gobe hakimin Funtua Sarkin Maska ake ce masa. Baba bai taɓa yafe wa Funtua wannan ba. Yakan ce ta yi kamar ɗan da ya sa babbar rigar ubansa alhali uban na zaune a zaure. Amma duk mitar nan a Funtua ya sayi kekensa na farko, a nan ya sayi rediyon da yake kama Kaduna da shi, a nan kuma ya taɓa kutsawa cikin taro ya ga Mamman Shata da idonsa, labarin da jikoki suka sha ji har suna riga shi faɗin ƙarshensa.

Ƙanwata ta shigo da ƙullin daddawa da kwanon waina, ta zauna a baya da yaran. Ita ke bi na. Tana cikin waɗanda aka kwasa zuwa firamare a 1976, shekarar da aka fara ilimi kyauta, kuma ta fi ni kai, wannan kowa a gidan ya sani. Tana gama firamare Baba ya aurar da ita. Muna komawa Mararraba 'yata ta ce ba wanda zai ƙara tsare ta da tambayar ta nawa ta zo a aji, tunda Alhaji ba ya nan. Gwaggon tata ta yi murmushi ta ce, "Ke kin sami Alhaji ya nuna. Mu ɗanye muka same shi. Ni da na zo ta ɗaya, kayan ɗaki aka saya mini." Ba da ɗaci ta faɗa ba, amma ba ta sassauta ba. Sai ta juyo gare ni: "Yaya, ka san shi ya biya wa 'yan matana makaranta har suka gama? Duk farkon zango sai ga buhun masara an sauke a ƙofar gida, a ce in ji Baba, a sayar a biya. Bai taɓa buɗe baki ya ce mini komai a kan tawa ba." Na san da maganar buhunan. Abin da ban taɓa ji ba shi ne yadda ita ta ɗauke su. Ba na son irin yabon mamaci da ake wanke shi tas har 'ya'yansa su kasa gane shi. Baba ya tauye ta, ya gane daga baya, ya biya ta hanyar da ya iya, kuma ita ke da hakkin cewa ko biyan ya isa.

Daga Mararraba zuwa Maska ba nisa, amma a hankali ake tafiya. Akwai shingen jami'an tsaro, akwai na askarawan da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar a 2023, yara matasa da bindiga a kafaɗa, wasunsu sun san gidanmu. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Ashe Alhaji lokaci ya yi. Allah ya jiƙansa." Muka ce amin, ya ɗaga itace muka wuce.

Wannan ƙasa ita ake kira Katsina Laka, baƙar ƙasa mai riƙe ruwa, daban da jigawar arewacin Katsina. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya sa Maska tare da Gozaki cikin tsofaffin garuruwan kudu. Tun kafin Bature ya zo da sikeli ana noma auduga a nan, mata na kaɗi, maza na saƙa, marina na aiki. Abin da Bature ya kawo shi ne sabon iri, da fuloti, da farashin da ake yankewa a wani wuri a aiko. Baba ya tashi a tsakiyar wannan tsari. Ana raba iri ta hannun dagaci, ana kuma renon irin a gonar Daudawa. Da kaka a tsinci auduga, a zauna a tsince datti don ta ci lamba ɗaya, a ɗora wa jaki a kai fuloti, malamin sikeli ya auna, a ƙirga maka fam da sule. Bayan an gama dole a tuge itacen audugar a ƙone saboda tsutsa, wanda ya ƙi ya gamu da dogari. Kuɗin da aka samo, haraji ne farkon mai cin rabonsa, sannan tufafin sallah, sannan aure in akwai. Ranar da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina na cikinta, Baba ya ce wannan ne gwamna na farko da ya taɓa sa hannu a aljihunsa ya bar abin da ya tarar. Daga shi bai ƙara yabon wani ɗan siyasa ba.

Yau ka duba dama da hagu a hanyar nan, da ƙyar ka hango farin auduga. Karan masara ne, da kututturen waken suya, da dawa tsaye tana jiran wuƙa, da shinkafa a kwari. Abin da ya juya ƙasar shi ne aikin raya noma na Funtua, wanda gwamnati da Bankin Duniya suka fara a 1975 tare da na Gusau da na Gombe, ya haɗa har Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari. Aka yanka hanyoyin burji, aka yi madatsun ruwa, aka buɗe wuraren sayar da takin zamani da rangwame, aka kawo farar masara mai yawan yabanya. Kafin nan masara abar bayan gida ce, a shuka kaɗan a gasa wa yara kafin gero ya nuna. Ba wanda ke cika rumbu da ita. Baba bai yi gaggawa ba. Ya bar maƙwabcinsa ya fara, shi yana wucewa ta gefen gonar safe da yamma yana gaisuwa, idonsa na kan zangarniya. Da ya gamsu ya gwada a wani ɗan yanki, shekara ta zagayo ya ba ta rabin babbar gona. Da kuɗin masara ya yi rufin kwano, ya sayi shanun huɗa da garma, ya sauke farali, ya kuma biya wa Inna daga baya. Da aka rushe hukumar cinikin auduga a 1986, farashi ya koma hannun 'yan kasuwa, iri ya cakuɗe, ya fara janye jiki. Sa'ad da masaƙun Kakuri a Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000, shi ya riga ya koma waken suya. Abu guda ne bai taɓa saki ba: dawa. Ya ce masara ba ta yi sai an ba ta kamfa da yuriya, ranar da taki ya gagara dawa ce za ta rufa asiri. A shekarar da muka je buhun masara ba ya sayen buhun taki, kuma duk wanda na gaisa da shi a garin sai ya kawo wannan magana kafin mu rabu.

Mun tarar da gida cike. Mata a tsakar gida ana ta tuyar waina da dakan fura na sadaka, Inna ta yi wanka ta sa sabon zane, an sa mata lalle. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Inna, ya ƙarin haƙuri?" Ta ce, "Da godiya," fuskarta na wajen bango. Sai ta jawo yaran jikinta tana shafa kansu, tana tambayarsu hanya, tana cewa sun rame, a kawo musu fura. Wanda bai san gidan ba sai ya ce fushi take da ni. Ni ɗan fari ne, kuma a gidajen wancan zamani ɗan fari ba shi da suna a bakin iyayensa. Ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. "Kai" ne, ko "wancan", ko ya ce wa ƙanena, "Kira mini yayanka." Lokacin da na ci jarrabawar shiga makarantar kwana ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ana dab da damina, abin da manomi ba ya yi sai dole ta kai dole. Bai gaya mini ba, a bakin dillali na ji. Ranar tafiya tun asuba ya saɓi fartanya ya fice. Baffa ne ya ɗaure akwatina a keke ya kai ni Mararraba, ya ƙirga mini kuɗi a tafin hannu ya ce, "Wai in ba ka." Bai ce wa ya ce ba.

Duk abin da alkunya ta hana Baba yi da mu, a kan jikoki ya sauke shi. Mutumin da in ya yi gyaran murya a zaure muke watsewa, shi ne jikoki ke hawa wuyansa suna cire masa hula. 'Yata amaryarsa ce, yana iƙirarin zai saki Inna saboda ita, ita kuma tana cewa ba ta auren tsoho mai furfura sai ya kawo mota. Abba kuwa ɓarawon matarsa ne, in suka haɗu sai ya ce a ɓoye Inna ga ɗan fashi ya zo. Masarar farko da ta nuna tasu ce, raken farko nasu ne. Kowane jika aka haifa, ranar suna sai ya ware masa 'yar akuya, in ta haihu na mai ita ne, in aka sayar a ajiye masa kuɗin. Yakan kira ni a waya, ba don ni ba, ya ce, "Ba ni abokina," su yi ta hira a kan ko akuyar Abba ta haifi biyu ko ɗaya har katin ya ƙare. Na yi na yi ya dawo Kaduna lokacin da hare-hare suka yi yawa a Faskari, Sabuwa da Dandume, musamman bayan sace ɗaruruwan ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020. Ya ce in ya tafi wa zai ba awakin yara dusa.

Da la'asar ƙanena, wanda ya zauna da Baba a gandu duk tsawon shekarun nan, ya kai mu maƙabarta ni da Abba. Damina ɗaya ta bi ta kan kabarin, da ba don shi ba da ban gane shi ba. Muka yi addu'a muka juyo. A hanya Abba ya tambayi baffan nasa awaki nawa yake da su yanzu, aka ce masa sai an duba littafi.

Littafin nan kowa a gidan ya san shi, amma ba mai taɓa shi sai bayan rasuwar. Ba ɗaya ba ne ma, tarin littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, an ɗaure su da tsumma a cikin akwatin ƙarfe, duk da ajami. Baba bai yi boko ba, bai kuma yarda da banki ba, amma ban taɓa ganin ma'ajin da ya kai shi tsantseni ba. Dami nawa aka ɗaure a kowace gona, nawa aka fitar zakka, ɗaya cikin goma tun a gona kafin a kai rumbu, buhun taki nawa aka zuba, wa ya yi ƙwadago aka biya shi nawa, akuyar wane ta haihu ranar kaza. Sai shafukan rance. Al'adarsa ce ba ya sayar da hatsi da kaka sai abin da ya zama dole. Yana riƙewa har tsakiyar damina, lokacin da rumbunan mutane suka yi ƙasa, sabo bai nuna ba, farashi ya hau. A lokacin ne maƙwabta ke zuwa da dare su yi sallama. Yakan auna musu da tiyarsa, ya rubuta, da kaka su mayar da tiya daidai da tiya. Duk mai lissafi ya san asara ce, ka ba da hatsi yana tsada ka karɓa yana araha. Amma kada wani ya ɗauka sakaci ne. In kaka ta yi ba ka kawo ba, zai aiko yaro. In ka sake, zai zo da kansa ya zauna a ƙofar gidanka yana jan carbi har ka fito. Wanda ya cinye masa sau ɗaya da gangan, ya ja layi a kan sunansa, ko da kuka ya dawo sai dai ya ba shi sadakar kwano ɗaya, rance kam ya ƙare. Hujjarsa ita ce in mutum ɗaya ya cinye, na baya ba zai samu ba.

Muna zaune a zaure bayan magariba wani dattijo ya yi sallama, ɗansa na biye da buhu a kan babur. Ya ce dawa ce da ya karɓa wajen Alhaji kwana kaɗan kafin ya kwanta ciwo, ya ji za a yi rabo gobe, ba ya so a raba da hakkin marigayi a wuyansa. Ƙanena ya haska fitilar waya ya buɗe littafi, ga sunan, ga adadin. Aka auna, ta cika. Dattijon ya ɗan yi shiru, sannan ya tambayi abin da na lura shi ya kawo shi: "To baɗi fa, wa za a zo wurinsa?" Ba wanda ya amsa. Ƙanena ya ce Allah ya kai mu.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi. Liman ya zo da wani malami masanin rabon gado, mai unguwa ya zo, Baffa da ya rage a cikin 'yan'uwan Baba ya zauna a gefe da sandarsa, mata na daga cikin soro suna ji. Aka fara da bashi, babu wanda ke bin sa. Aka karanto waɗanda yake bi. Aka fitar wa Inna tumuninta, ɗaya cikin takwas, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Awakin jikoki malam ya ce ba sa cikin gado, kyauta ce da aka yi da rai da lafiya, kowace da mai ita a rubuce.

Sai aka zo kan gonar bayan gari, wadda ita ce dalilin da ya sa wasu ba su yi barci ba. Muna da ɗan'uwa da ya rasu shekaru da dama kafin Baba, ya bar yara ƙanana, a hannun Baba suka tashi. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado muddin akwai ɗa namiji a raye. Marayun da suka fi kowa zama da shi, suka fi kowa yi masa noma, su ne shari'a ba ta ba ko taƙi ɗaya. Wasu ƙasashe sun nemi mafita da doka. Masar ta yi tata a 1946, ta wajabta a fitar wa irin waɗannan jikoki wasiyya daga cikin sulusin dukiya. Mu ba mu da wannan, sai abin da kaka ya tanada da kansa ko abin da baffanni suka ga dama. Baba ya san hukuncin, ya kuma san 'ya'yansa. Bai bar abin ga tausayinmu ba. Tun babban marayan yana saurayi ya kira liman da mai unguwa, ya zagaya da su iyakar gonar, ya ce ya ba yaran nan halak malak. Ya tambayi malamai aka ce masa kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, don haka daga wannan damina ya cire hannunsa. Su ke shuka, su ke girbi, rumbunsu daban. In yana son gyaɗa daga gonar sai ya aika a roƙo masa. Duk yana cikin littafi, da sunayen shaidu, liman kuma ya ce yana nan aka yi.

Lokacin da ya yi kyautar, gonar bayan gari ba ita ce mafi daraja ba. Babbar gona ta can cikin daji ta ninka ta girma da kyawun ƙasa. Amma yau babbar gonar rabinta saura ce, ba mai yarda ya kai shanu can, ba mai kai yamma a cikinta, 'yan ƙwadago ma sai an ƙara musu kuɗi. Ta kusa da gari ita ce kowa ke so. Wani ƙanenmu ya ce shi bai ƙi marayu ba, amma a duba, abin da aka ba su yanzu ya fi rabon ɗa na cikinsa. Ba ƙarya ya yi ba. Malam ya ce kyauta ta riga ta tabbata, ba a warware ta don farashi ya canza. Baffa, da bai ce uffan ba tun safe, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Wanda ya ba su ya fi ku sanin lissafi. A wuce wurin." Aka wuce, ko da yake fuskar mai ƙorafin ba ta wuce ba.

Saura babbar gona da fadama. Ƙanena na gandu ya kawo shawarar kada a yanka su, a bar su a haɗe ya ci gaba da nomawa, da kaka a raba amfani. Magana ce mai daɗin ji, kuma ta fuskar noma ita ce daidai, don gonar da aka yayyanka gida goma ba ta ɗaukar garma balle tarakta. Mazan duk suka gyaɗa kai. Daga cikin soro sai muryar ƙanwata ta Funtua: "A auna a nuna wa kowa nasa tukuna. In an nuna mini nawa, ni da bakina zan ce na ba shi aro." Wuri ya yi tsit. Ni dai bayanta na bi, na kuma faɗa a fili. Na ga gidaje da yawa a ƙasar nan inda "a bar gona a haɗe" ta zama hanyar da rabon mata ke narkewa. Shekarar farko a aika musu buhu, ta biyu rabin buhu, ta biyar a ce ai damina ba ta yi kyau ba, in 'ya'yansu suka taso suna tambaya a ce ba su da kunya. Ƙanena mutumin kirki ne, amma shi ma zai mutu ya bar 'ya'ya, su kuma ba su san alkawarin da aka yi a kan tabarma ba.

Aka ɗauki igiya aka fita, da rakiyar matasa biyu masu babur saboda babbar gonar. Rana ta take kafin a gama. Aka kafa duwatsu, aka ce da damina a dasa cediya ko aduruku a kan kowace iyaka. Babban marayan, wanda ya yi sakandare, shi ya rubuta komai da boko, malam ya rubuta da ajami a shafin da Baba ya tsaya, kowa ya sa hannu, matan suka dangwala yatsa. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka ce sun ba ƙanena aro na shekara uku, a sake zama. Mai ƙorafi ya ce shi nasa sayarwa zai yi ya sayi Keke Napep a Funtua. Aka ce to, amma sai ya fara tayar wa 'yan gida. Maganar rancen hatsi da damina kuwa, Inna ce ta aiko daga ɗaki cewa tumuninta na dawa kada a kai kasuwa, a zuba a ƙaramin rumbu, tiyar Alhaji kuma a kawo mata ɗakinta.

Muka yi shirin komawa da sassafe. An cika bayan mota da masara, da wake, da kabewa, da ƙullin kuka da kuɓewa busasshiya. Littafi ya nuna Abba na da awaki bakwai, ya kafe sai ya tafi da ɗaya. Na ce gidan haya muke, ba inda za a ɗaure ta. Inna ta ce wa ƙanena, ba ni ba, "Gaya masa ya bar yaro ya ɗauki abinsa." Aka ɗaure ƙafafun wata 'yar burguma aka tura ta tsakanin buhuna. Ƙanena ya dafa ƙofar mota ya ce, "Yaya, kuɗin taki fa kafin watan biyar, in an bari ruwa ya sauka tsada zai ƙara." Na ce ya turo mini lissafi a rubuce. Ya ce ai ya riga ya sayi sabon littafi. Akuyar ta yi kuka tun daga Mararraba har Giwa, a kowane shinge sai an tambaye mu takardarta, Abba na miƙa kai ta taga yana cewa kakansa ne ya ba shi.